Asabe, Wuyan Ummi Ya Fara Kumburi

Assalamu alaiki Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai miki wannan takarda, kuma idonki ba zai taɓa sauka a kanta ba. Amma maganar da ke cina, in ba ke ba wa zan faɗa wa? Shi ya sa na ture ɗinkin mutane gefe bayan la'asar, na zauna rubutu.

Ummi ce, 'yarmu. Wuyanta ya fara kumburi.

Ƙanwarki Larai ce ta lura, ranar da ta zo daga Hanwa yi mata kitso. Ta ja ni zaure ta faɗa mini. Sai na tuna yarinyar tana cin abinci sosai amma kullum ramewa take, kofin shayi yana rawa a hannunta, ko ana ruwa sai ta ce zafi take ji. Duk irin yadda naki ya fara.

Na kai ta babban asibiti aka ɗebi jini. Likitar ta ce maƙoƙo ne irin naki, wata 'yar tsoka ce a wuya take aiki fiye da kima, kuma yakan bi jini. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in an kiyaye sha da zuwa awo, Ummi za ta yi karatu ta yi aure ta haihu lafiya.

Da muka tashi fita sai na tura Ummi waje, na yi wa likitar tambayar da ke raina tun shekarar korona. Na ce ta faɗa mini, maƙoƙon ne ya ɗauke ki ko koronar? Ta ce wannan tsoka ita ke saita bugun zuciya da ɗumin jiki, kuma ciwo mai tsanani yana iya birkita ta har zuciya ta gaji. Amma ta ce ba za ta rantse ba, don akwai masu maƙoƙo da yawa da suka kamu suka tashi, su ma likitoci har yanzu nazari suke. Na fito kamar yadda na shiga. Na san ajali ne, Asabe, amma me ya sa sani bai hana ni tambaya ba?

Kin tuna azumin nan? An kulle gari, ga zafin bazara, ranar awonki ta wuce muna gida. Tari ya zo, zazzaɓi ya biyo baya. Ina zaune kusa da ke ina kallon jijiyar wuyanki tana harbawa kamar za ta fasa fata. Da masu fararen kaya suka zo ɗaukar ki, ko tsayuwa ba kya iyawa, amma sai da kika nemi gyale kika rufe wuyan. Ban ƙara ganin fuskarki ba. Mu kaɗan muka yi miki salla, kowa nesa da kowa. Maƙwabtan da kike aika wa kunun gyaɗa daga bakin titi suka yi mini gaisuwa. Ban riƙe su ba, tsoro ne.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Duk rigunan da kika sa na ɗinka miki masu dogon wuya, raina bai so ba. A gidan biki kina laɓewa a bayan mata, ni kuwa ko sau ɗaya kumburin nan bai rage ki a idona ba. Kunya irin tamu ta hana ni furtawa. Na ɗauka akwai lokaci.

Makon jiya Ummi ta kawo mini atamfa shago, kanta a sunkuye, ta ce in yi mata dogon wuya. Na ajiye almakashi na faɗa mata duk abin da na rubuta miki a sama. Ta yi kuka, ni ma na yi, a gaban mai jiran wandonsa. Na dai ɗinka mata yadda take so, amma jiya da tsohuwar rigarta ta tafi makaranta.

Sauran labari kaɗan ne. Ummi ta samu gurbin karatu a jami'a, nan Kongo. Larai ta haifi namiji. Inna ta koma Tudun Jukun wajen yayana, har yanzu in ta yi ɗimuwa sunanki take kira.

Tun da kika tafi nake roƙon Allah Ya gaggauta haɗa mu. Yanzu na sauya addu'a. Roƙonsa nake Ya ara mini kwana har in ga yarinyar nan ta warke. Ki ƙara haƙuri da jira.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Sai mun zo.

Mijinki,
Baban Ummi, tela, Tudun Wada