Inna, Ki Zo Ko da Azumi a Bakinki

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ya jiki, ya mutanen Dosara? Na san wayarku ba ta shiga, rubutun nan ma wasu za su riga ki gani. Na rasa inda zan kai maganar ne.

Ina Talata Mafara. Kullum ina tasha, kullum direbobi amsarsu ɗaya: 'yan bindiga sun tare hanyar, ba shiga ba fita. Hutun da aka ba ni a wurin aiki ya kusa ƙarewa. Na kasa komawa aiki, na kasa isowa gare ki.

Kin taɓa tambayata game da kwalaben wurin aikinmu, kina kallon bango kamar yadda kike yi wa ɗan fari: "Wai mi aka dahwawa cikin kwalaben ga da ba a ci?" Ga amsar. Ruwan da ake yi wa mara lafiya allurarsa kafin hoton asibiti muke haɗawa, don ciwon da ya ɓuya ya fito fili. Akwai wani ƙarfe a cikinsa mai haska hoton, amma guba ne. Aikina in haɗa sinadarin da zai kewaye shi kamar keji, in dafa, in tace, in sake tacewa, har ya ratsa jikin mutum ya fita bai cutar da shi ba.

Irinsa aka so yi miki a Sakkwato saboda kumburin cikin nan. An ce ki zo ba ki ci komai ba. Ke kuwa kika ga ranar Alhamis ce, don me yunwa za ta tafi a banza? Sai kika ɗaura niyyar azumi. Da ma'aikaciyar ta ɗauko allura kika janye hannu, kika ce: "Azumi nika yi, ba a sa min ruwa jiki." Ta yi dariya, ni ma na yi. Aka ba mu wata rana, kika ce bari ki leƙa gida ki dawo.

Dariyar nan ita ke hana ni cin abinci yanzu. Tsoro nake ji, Inna. Abin da ke cikinki yana girma, ba wanda ya san ko mene ne, ni kuma mai haɗa ruwan gano shi ina zaune kan benci a tasha.

Na koma Sakkwato na roƙi mai ɗaukar hoton, sannan na dawo nan. Ya yarda, in kin zo da azumi zai jira a kira magariba. Dabino ma na saya, yana aljihuna.

Allah Ya buɗe hanyar nan, Ya tsare ku, Ya ba ki lafiya. Motar farko da ta fito, ki shigo ta. Ko wace rana ce.

Naki,
wanda ba kya faɗin sunansa.