Keken Baba a Kasuwar Ƙanƙara

Zuwa ga ƙanena Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da iyalinka, da mutanen Tafoki. Yaya damina? Ni nan Ikko sai godiya, ko da yake dako ya ci jikina.

Ran Juma'a Malam Idi mai goro ya iso, ya ce mani ya ga keken marigayi Baba hannun dillali a kasuwar Ƙanƙara. Har an warware ƙyallen da Inna ta naɗe ƙarfen da shi, don masu saye su ga fenti. Wai yana sheƙi kamar jiya aka sayo shi, amma ba wanda ya taya, kowa babur yake tambaya.

Sale, ka manta yadda Baba ke saɓa keken nan a kafaɗa in zai haye rafi, don kada sarƙa ta jiƙe? Nan kuwa mutum ya sayi keke da rani, kafin kaka ya jingine shi yana tsatsa.

Ban ga laifinka ba don ka kai shi kasuwa saboda ka so babur. Kai ke kai hatsi Faskari, ni ina nan ba abin da nake tsinana maku. Amma da ka shawarce ni. Don Allah ka karɓo shi kafin kasuwa ta sake ci. In kuwa ya riga ya tafi, ka adana mani ƙyallen, zanen auren Inna ne.

Ka ce ta sa ni a addu'a. Gai da maiɗakinka da yara.

Yayanka,
Haruna