Makarantar da Ban Zaɓa Ba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya, jikin Baba da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu ba ta ɗaukarsa.

Na gaishe ka ne don haka aka koya mana, amma raina a ɓace yake. Sau tara na kira ka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya na je shagon kwamfuta don in karɓi gurbin da aka ba ni a makarantar likitanci ta nesa. Mai shagon ya buɗe shafina, ya juyo ya ce ai tun ranar Litinin aka karɓar min ta nan cikin gari, waccan kuma an ce musu ba na so. Na ce ya sake dubawa. Ya sake. Ga mutane a layi a bayana, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Mutum biyu ne suka san lambar sirrin nan: ni, da kai da ka cika min fom.

Ka san dalilin da ya sa nake son ta nesa. Asibitinsu babba ne, ɗalibai suna shiga ɗakin tiyata tun suna aji huɗu. Ta nan kuwa bara aka buɗe ta, ɗakin gwaje-gwajensu ko rufi ba a gama ba, kuma har yau ba a tabbatar za a amince da takardar shaidarsu ba. Sau uku na nemi jarrabawar shiga jami'ar nan, Yaya. Ta farko na faɗi. Ta biyu ban ma je ba, ranar ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa. Ta ukun a gefen gadonsa na yi karatunta, littafi a cinya, cokali a hannu.

Na san abin da ka hango: in Auta ta zauna, ba sai kowa ya motsa ba. Shekara biyu ni ce wanki, ni ce juya shi, ni ce layin asibiti. Kai kuwa zuwanka uku, kowanne da lemo a leda da wa'azin haƙuri. In kana da bakin magana, ka ba ni amsa.

A gaida yara.
Ƙanwarka, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya jikin ƙaramar da aka ce tana tari? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, layi biyu: in yi haƙuri, wata rana zan gane. To, ba a kai wata rana ba. Shekaranjiya da safe ina yanke wa Baba farce, ina ta faɗa a kanka, sai ya riƙe min hannu da hannunsa mai lafiyar. Ka san yadda magana take masa wuya yanzu. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Ni na sa shi. Tsoro nake ji." Na gama yankan farcen tsaf, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Baba mara lafiya ne, ko kofi ba ya iya kaiwa baki, in ya ji tsoro ba laifinsa ba ne. Kai lafiyarka ƙalau. Mahaifinka ya ce maka yana tsoron a bar shi, amsar ɗa ita ce ga ni nan zuwa. Kai sai ka zauna a ofishinka ka danna maɓalli, ka ba da shekara shida na rayuwata kyauta, tun da ba taka ba ce. Kuma ka yi shiru kana jin kanka gwarzo mai rufa wa Baba asiri.

Na je ofishin hukumar ɗaukar ɗalibai da ke nan gari. Wata ma'aikaciya mai gilashi ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ba ni ce ta farko ba. Za a iya mayar min da gurbina in na kai takarda da hannuna kafin ranar Alhamis. Na rubuta. Kwana biyu ke nan tana cikin jakata. Ranar da na fito daga ofishin na bi ta makarantar nan ta gari, na tsaya bakin ƙofa ina kallon buhunan siminti a inda ya kamata a ce aji ne. Minti goma sha biyar ne daga gida a ƙafa. Har na fara ce wa kaina ai likita likita ne. Ka ga inda ka kai ni, da na zaɓa da kaina ne da ko zama na yi ba zan ji ciwo ba.

Baba yana gaishe ka.
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya.

Na kai takardar ranar Laraba, an mayar min da gurbina. Ranar ashirin ga wata zan tafi.

Da bakina na faɗa wa Baba, ban aika kowa ba. Ya juya fuskarsa bango. Kwana uku bai yi min magana ba, abinci ma sai daga hannun Gwaggo yake karɓa. Ita ma ta wanke ni tas, ta ce boko ya cire min imani, sannan ta aika aka kwaso mata kayanta, za ta zauna da ɗan'uwanta. Ma'aikaciyar jinyar nan maƙwabciyarmu za ta riƙa leƙowa da safe kafin ta wuce aiki. Amma Gwaggo ta haura sittin, ba za ta iya ɗaga shi ba. Wannan naka ne. Ko ka nemi canjin wurin aiki, ko ka riƙa zuwa duk ƙarshen mako, ko ka ɗauke shi zuwa gidanka. Ba zan zaɓar maka ba.

Jiya ina haɗa kaya Baba ya kira ni. Ya nuna saman sif, ya ce in sauko da akwatinsa na fata, wai zif ɗin nawa ya lalace. Bai ce in tafi ba, bai sa min albarka ba tukuna. Na sauko da shi na goge ƙurar, yana kallona.

Ban yafe maka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka zo ranar Asabar in koya maka yadda ake ɗaga shi ba tare da an ja kafaɗar ba, da yadda ake masa wanka. Ka zo da tsofaffin kaya, aikin ba na farar riga ba ne.

Ka gaida Anti da yara.
Ƙanwarka, Auta