Aljanar da Na Tsayar a Bakin Komadugu

Zuwa ga Meram,

Sanyin randar gidana, inuwar tsamiyata a zafin azahar, turaren da ya ƙi barin rigunana ko bayan wanki uku! Ina gaishe ki, gaisuwar mutumin da ya karance littattafai akwati biyu, amma ya kasa karanta matar da ta shekara ashirin da huɗu tana zuba masa shayi.

Kin tafi Damagaram wankan jegon ƴarmu Bushra, kin ce kwana arba'in. Yau wata biyar. Jikan ya fara koyon zama, ni kuwa na fara hira da kujerarki. Shekaranjiya Bushra ta yi suɓutar baki a waya, ta ce kin koma rubutu, wai can kin fi sakewa don babu mai yi miki dariya. Ban tambayi sunan mai dariyar ba. Kullum ina ganinsa a madubi.

Kin tuna shekarar da muka tare a Geskeru, ina sabon malamin makaranta? Ranar da ruwan Komadugu ya iso, gari duka ya fita tarbarsa, yana rarrafowa kan yashi kamar baƙo mai kunya. A nan, ƙafafunki cikin ruwan farko, kika miƙo mini kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, mai shuɗin bango, cike da rubutunki. Labarin aljana ne mai zuwa tare da ruwa kowace shekara. Takan ɗaura zane ta shiga cikin mata masu tsinkar tattasai, ta yi rigima kan wurin shanya, ta ari gishiri wajen maƙwabciya. Da abu ɗaya ake gane ta: inuwarta a jiƙe take.

Ni kuwa, shehin malami, me na yi? Na zaro jan bik, alƙalamin da nake gyaran aikin ɗalibai da shi! Na bi shi layi-layi kamar aikin ɗan aji huɗu. A gefen shafi na rubuta cewa aljana ba ta aron gishiri, a zaɓi ɗaya, ko rayuwa ko tatsuniya. Kika karɓa, kika yi murmushi, kika je kika ɗora tukunya. Ban sake ganin ki da alƙalami ba.

Yanzu fa irin labaran nan ne suka cika wayoyin tsofaffin ɗalibaina. Aljani a layin famfo, kaka da ta rasu tana dawowa ta duba ko an ba awaki ruwa. Na soma karantawa don in yi musu ba'a, ga ni har shayi yana hucewa ban ɗaga kai ba. Na gane abin da ke jan mutane. Mu da muka bar gidajenmu na bakin kogi a guje muka zo Diffa, ai mun san yadda ake zama da waɗanda ba a gani. Ba tsoro muke nema a labari ba, namu muke nema. Ni ma da la'asar kofi biyu nake jerawa, kuma zan rantse ina jin takalminki a zaure.

Kin riga su da shekara ashirin, hasken idona, ni na tare miki hanya.

Na samo kayen a ƙasan akwatin zannuwanki. Ranar gudu kin bar kwanukan aurenki, ashe wannan kin ɗauko! Labarin ya tsaya inda jan bik ɗina ya tsaya: ruwa ya fara janyewa, aljanar tana gaɓa, ba ta san ko ta bi shi ko ta zauna da mutumin da take so ba. Shekara ashirin da huɗu tana tsaye a wurin. Wace ƙafa ce ba za ta gaji ba?

Na so in riƙe kayen, ko domin shi ki dawo. Kunya ta hana ni. Ga shi nan na ba Kyari direba tare da wannan takarda. Na gwada goge jan, shafin ya nemi hujewa, na bari. Ya zauna shaida a kaina. Jan bik ɗin da ya rage mini kuwa na jefa shi Komadugu, kifaye su gyara wa junansu.

Ki ƙarasa shi duk inda ranki ya fi kwanciya. In aljanar ta bi ruwa, ba zan ce uffan ba, ni na ja. Amma in ta juyo, ki faɗa mata akwai gishiri a gidan nan, ba sai ta ara ba. Akwai tebur da na kwashe littattafaina daga kansa, da wani mai furfura da ya koyi sauraro a makare.

Naki, ko ruwa ya zo ko ya janye,
Grema