Murfin Motar Baba Ya Tsaya da Kansa

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana yaran, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan da godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan. Ɗalibaina kuma jarrabawa ta matso, ina ta fama da su, su kuwa ko a jikinsu.

Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ka, domin duk lokacin da ka tambaye ni jikin Baba a waya, sai bakina ya riga ni cewa da sauƙi. Babu sauƙi, Auta. Mantuwar ta ci ƙarfinsa. Mama yanzu baiwar Allah yake ce mata. Ni kuwa idan na shiga ɗakinsa sai ya gyara zama, ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko wajen wa na zo.

Wuri ɗaya ne ya rage mana inda muke samunsa, wato gaban tsohuwar motarsa, koriyar nan da Mama ke cewa ita ce 'yar fari, mu duk ƙannenta ne. Ka tuna sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke riƙe murfin injinta, wanda ya saki tun muna yara, murfin ba ya tsayuwa sai an tallafe shi? Kai ne mai tallafewa, hannuwa sama, kana ta ƙorafin kafaɗa. Mama ta sha yi masa tsiya, wai mutumin da ke kwance inji ya mayar, sifirin guda ɗaya ya gagare shi. To, ko a cikin ciwon nan, kullum bayan karin kumallo sai ya fita rumfa, ya ɗaga murfin, ya ce Auta riƙe. Ni nake riƙewa kafin in wuce makaranta. Da zarar kansa ya shiga ƙarƙashin murfin, sai Babanmu ya dawo. Ya duba mai, ya taɓa wayoyi, ya tambayi yadda lissafi ke tafiya, ya ce kada in yarda manyan yara su ƙwace mini abincin tara. Nakan amsa da to Baba, a madadinka.

Wata rana na yi sammako saboda taron malamai. Ya fita shi kaɗai, ya ɗaga, ya kira ka, ya saki. Murfin ya sauko masa a kan yatsu. Allah ya tsare ba su karye ba, amma sun kumbura, farce ɗaya ya yi baƙi. Ka san halina, ba na iya ganin abu a lalace in wuce. Ranar ban koma gida ba sai da bakanike. Ya ce irin wannan sifirin an daina sayar da shi, amma ya yi yawo wajen masu tsofaffin kaya har ya samo mai ƙarfi. Na tsaya a kansa ina kallo kamar ɗaliba. Ya lanƙwasa shi, yana cusa ƙananan fayafayan ƙarfe tsakanin zobbansa har ya ƙara tsawo, ya maƙala shi a ƙugiyarsa, ya ɗaga murfin, fayafayan suka zube ƙasa. Wai yanzu ko guguwa ba za ta sauke shi ba. Har cewa na yi zan kawo 'yan ajina su ga wannan dabara.

Washegari da ɗokina na riƙo hannun Baba muka fita. Yana taɓa murfin ya tashi sama da kansa. Ya ce Auta riƙe. Na ce Baba saki ka gani, an gyara. Ya saki. Ya daɗe yana kallon murfin nan a tsaye, sannan ya waiwayo ya dubi gefen da kake tsayawa, ya ce ashe yaron zai iya tafiyarsa ke nan. Ya rufe shi a hankali, ya goge hannunsa a riga, ya koma ɗaki. Tun daga ranar ya daina fita. Abinci sai an yi da gaske, kuma ban sake jin ya kira wani ba.

Da na kai wa Mama kukana, sai ta fashe da dariya hawaye na zuba. Ta ce ni da karatuna ban taɓa ganewa ba? Wai kana yaro ba ka iya haɗa ido da Baba, idan ya tambaye ka abu sai ka sunkuyar da kai ka gudu. Amma idan hannuwanka na sama, shi kuma fuskarsa na cikin inji, babu abin da ba ka faɗa masa. A nan ya ji wanda ke dukanka a makaranta, a nan ya ji yarinyar da kake so. Ta ce tun a lokacin ya gaya mata muddin yana numfashi ba mai taɓa sifirin nan. Tsiyar da take masa a gabanmu, duk da saninta ne.

Na sake kiran bakanike na ce ya mayar da tsohon. Ya riƙe baki, wai tun da ya fara sana'a ba a taɓa kiransa ya ɓata gyara ba, ya tambaya ko haka muke koya wa yara a makaranta. Ya ga idona, sai ya ɗauko sifanarsa.

Da ƙyar na lallaɓo Baba ya fito jiya. Ya ɗaga, murfin ya yi nauyi kamar da, na yi maza na tallafe. Na ɗauka ya dawo. Amma bai sa kansa ciki ba, hannuwana ya tsaya kallo. Ya ce waɗannan hannuwan da alli a jikinsu, ke malama ce ko? Na ce e. Ya yi mini godiya, sannan ya roƙe ni alfarma, wai idan na ga yaronsa a makaranta in ce masa kada ya tsaya wasa a hanya, murfin da nauyi.

Likita ya ce zuciyarsa ma ta yi rauni, kuma ɗan abin da ya rage masa na gane mutane ba zai daɗe ba. Na san aiki, na san nisa, ban kuma taɓa matsa maka ba. Ba zan yi maka alkawarin zai gane fuskarka ba. Amma mutumin da ya ga alli a yatsuna, ina sa ran zai san hannunka.

Ka gaishe mini da Maman 'yan biyu, ka ce ina yi mata sannu da hidima. Ka shafa kan 'yan biyu, ka ce Goggo na tambayar karatu. Mama na gaishe ku, Kawu da Yaya Babba ma haka.

Saƙon Baba dai na isar. Kada ka tsaya a hanya, Auta. Ina riƙe da murfin, amma ba ni yake kira ba.

Ni ce yayarka,
Malama