Kwano Daban

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau ma ban fita kasuwar Ƙofar Ruwa ba. Na tashi da niyya, na sa riga, na zauna bakin katifa in sa takalmi, ban farka ba sai da aka kira azahar. Maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Kaluluwa a wuya dama da hagu. Alhajin shago ya bugo, na ce zazzaɓi ne. Ya ce damina ce, kowa ma yana yi, in sha magani in fito, motar rodi na hanya. Shekara da shekaru ina riƙe alli a Gaidam, yau ga ni cikin masu sauke rodi. To.

Bayan magariba na fita ciyayya don kada a ce. Mu shida ne a ƙofar gidan Baba Mustapha, nan Dala. Kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci. Ni ba ni da gidan da kwano zai fito daga ciki, matata Fanna da yara suna can Gaidam. Ranar da Baba ya ba ni ɗakin soron nan ya ce, "Kakanmu daga Barno ya zo. Kai ɗan gida ne, hannunka na cikin kwanona." Ko gaisuwar Barbarci bai iya ba, amma ya faɗa, ya kuma cika. Nawa kason fura ce. In sayo, a dama a ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagayawa.

Loma ɗaya na kai ta tsaya a wuya. Nata'ala mai adaidaita, shi ne ƙaraminmu, ya ce, "Malam Ɗahiru, tuwon Kano ne ya fi ƙarfin maƙogwaron Babarbare?" Aka yi dariya. Na taya su.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mai kemis ya ce maleriya da taifot. Ban taɓa jin ya ce wa wani abin da ba wannan ba. Ya haɗa mini da kafso na maƙogwaro.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na wayi gari jikina duk ƙuraje, ja-ja, tun daga ƙirji har tafin hannu. Ya Kaka, yayar Baba, ta leƙo soro ta ce ƙyanda ce. Ƙyanda, da furfura a gemuna.

Talata, 15 ga Yuli

Asibiti. Layi tun hantsi, aka ɗebi jini, likita ba ta gan ni ba sai bayan la'asar. Ta ce ba maleriya ba ne, ba taifot ba. Zazzaɓin kaluluwa, in ji ta, ta rubuta sunansa na Turanci a takarda. Ƙurajen kuma kafson kemis ne ya jawo, in daina sha. Na ce to maganinsa fa? Ta ce babu. Hutu, ruwa, farasitamol. Saifata ta kumbura, in na ɗaga abu mai nauyi tana iya fashewa. Na ce mata aikina ke nan, ɗaga nauyi. Ta ce, "To ka zaɓa."

Sai kuma wannan: ta yawu ake ɗaukarsa. Kada in haɗa kofi da kowa, ko cokali, ko kwano.

A hanya na duba sunan a waya. Abu na farko da ya fito, wai Turawa ciwon sumba suke ce masa. Na kashe wayar. Mutumin da rabonsa da matarsa tun waccan Sallar, yana kwana a soron gidan da ke da 'yammata. Wa zan gaya wa wannan? In kuma na ce daga ludayi na samu, na ce musu ƙazamai ke nan.

Laraba, 16 ga Yuli

Na fita ciyayya da kwanona da kofina. Na ce a zuba mini a nan, likita ce ta ce. Baba ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Ciwon me ta ce?" Na ce zazzaɓi ne kawai. Ya ce zazzaɓi kowa a nan ya yi, ba wanda ya taɓa raba kwano. Da kansa ya yanko tuwon ya sa mini. Aka ci aka tashi. Furar ma ragowa ta yi.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ban je masallaci ba. Ban iya ba.

Talata, 22 ga Yuli

Da safe na ji sallama, Baba ne da Sule wanzami, zabira a kafaɗa. Baba ya ce ya ji yadda nake numfashi ta bango, belu ne ya sauko, a cire in huta. Sule har ya shimfiɗa kayansa a tabarma. Ya ce in buɗe baki, ya leƙa, ya ce, "Ga shi nan kuwa, har ya yi kai."

Na ce a'a. Baba ya ce shi ya kira shi, shi zai sallame shi, ba ruwana da komai. Na sake cewa a'a, da ƙarfi wannan karon, a gaban Sule da mutum biyu da suka tsaya a ƙofa. Baba ya ce, "Allah ya ba da lafiya," ya juya.

Don Allah ya yi, na sani. Tun da na zo garin nan ba wanda ya taɓa sauraron numfashina sai shi. Amma wuƙa a maƙogwaron da ya kumbura haka, ina.

Lahadi, 27 ga Yuli

Zazzaɓin ya sauka. Gajiyar ce ta zauna. Ba irin ta rodi ba, wadda in ka kwanta take fita. Wannan kwanciyar ma gajiya ce. Na yi alwala na zauna hutawa kafin in tayar da salla. Raka'a biyu a tsaye, biyu a zaune.

Na daina fita ciyayya. Zama da kwano a gefe ya fi rashin zuwan ciwo. Yanzu Ya Kaka ke aiko mini da abinci, kullum a langa guda, mai ɓallallen baki. Jiya na ga an ɗaura mata jan zare a hannun murfi don kada ta gauraya da sauran. Raina ya ɓaci. To me nake so? Ba ni na nema ba?

Juma'a, 1 ga Agusta

Na lallaɓa masallacin unguwa da la'asar. Wanda ke damana ya bar tazara tsakanin kafaɗarmu, liman yana ta cewa a cike sahu. Butar da na yi alwala da ita ba wanda ya taɓa.

Da zan shige soro na ji muryar Nata'ala a dakali. "Rama, ƙuraje, takardar asibiti a ɓoye. Ni dai ban ce komai ba." Wani ya ce, "Ciwon zamani ai ba ya sallama." Da suka gan ni, Nata'ala ya ce, "Malam, ya jiki?" Na ce da sauƙi.

Na guji sunan sumba, ga wanda suka raɗa mini. In da ni ne a dakalin ma abin da zan lissafa ke nan.

Laraba, 6 ga Agusta

Alhajin shago ya sa wani a wurina. Ya ce in na warke in leƙo. Rodi ba ya jiran mutum, ban ga laifinsa ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Fanna ta kira. Ta ce muryata ta canja. Na ce sabis ne. Ta ce an yi ruwa sosai, katangar baya ta zube, ƙaramar ta fara haƙori. Na ce madalla. Da ta kashe na daɗe da wayar a kunne.

Ina jin su ta taga bayan magariba. Ƙarar murfin kwano, gardamar ƙwallo, Baba yana cewa a rage wa mai zuwa. Yanzu Nata'ala ke sayo fura. Taku kaɗan ne daga katifata zuwa tabarmar, amma Gaidam ta fi kusa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na yanke. Ƙarshen wata zan tafi gida. Ba aiki, ba kwano, zaman me? Baba bai ce in tashi ba, ba zai taɓa cewa ba. Gaisuwa ce dai ta koma "lafiya lau" ya wuce.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na zagaya har gindin dutsen Dala na dawo ban zauna a hanya ba. Sai barci har la'asar.

Adaidaitar Nata'ala na nan a rufe da leda tun shekaranjiya.

Litinin, 18 ga Agusta

Bari in rubuta.

Da hantsi Ya Kaka ta zo karɓar langa da kanta, take ce mini Nata'ala na kwance, wuya ya kumbura, ko ruwa ba ya wucewa. An tafi kiran Sule. Ban san lokacin da na sa takalmi ba.

Na tarar da su a soron gidansu. Nata'ala a zaune an jingina shi da bango, idanu sun yi luhu-luhu. Baba na nan, da Sule, da yayan Nata'ala, da mutanen ciyayya biyu. A gefe ga kwalin kafson nan, irin nawa. Na taɓa wuyansa. Kaluluwa, dama da hagu.

Na ce ba belu ba ne, ciwona ne. Sai na faɗi duka, yawu, ludayi, saifa, har sunan da Turawa suke ce masa. Na ce shi ya sa na raba kwano, kunya ce ta hana ni faɗa. Ɗaya ya yi dariya ya gimtse. Yayan ya ce, "Wato kai ka shafa masa." Na ce mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma a ƙwaryar nan ni ma na samu, ban sani ba.

Baba ya ce, "Ludayin da ubana ya sha da shi."

Na ce a kai shi asibiti, zan raka su. Sule bai yi gardama ba, ya ce shi abin da masu yaro suka ce. Yayan ya ce uwarsu ta ce a cire. Na dubi Nata'ala. Ya ɗaga hannu ya nuna Sule. Ya gaji, yana son a yi wani abu, ko mene ne. Na san wannan.

Aka cire. Ina tsaye. Jinin ya fi yadda Sule ya ce. Abin da na iya kawai, na sa kwalin kafson a aljihuna da zan fita.

Na tona kaina a banza.

Alhamis, 21 ga Agusta

Bai samu sauƙi ba. Yanzu ciwo biyu ne a wuya ɗaya. Yayan ya zo da kansa, bai kalli idona ba, ya ce wane asibiti ne.

Juma'a, 22 ga Agusta

Mun kai shi, likitar nan ce. Ta leƙa bakinsa, sannan ta yi faɗan da ya kamata, a kaina, don ni ne a gabanta. Gwaji ya nuna shi ne. Ta ba da maganin miki, ta ce ba tuƙi, ba tura adaidaita, sai ta gani.

Na tambaye ta dattawan da muke ci tare. Ta ce yawancinsu sun yi shi tun suna yara ba su sani ba, da wuya ya sake kama su. Ni da Nata'ala kuwa ba abin da ɗaya zai ƙara wa ɗaya. Na ce me ya sa ba ta gaya mini haka ba tun farko? Ta ce ta gaya mini. Wataƙila. Ranar ba kowace magana ce ta shiga kunnena ba.

Juma'a, 29 ga Agusta

Gidansu Nata'ala yara sun yi yawa, ga injin markaɗe a tsakar gida. Da rana nan yake zuwa ya kwanta a tabarmata. Ba mu cika magana ba. Ya ce, "Malam, yaushe gajiyar take fita?" Na ce in ta fita zan gaya masa. Jiya ya ce maganar da ya yi a dakali... na ce ya yi shiru ya huta da wuyansa.

Baba bai ce mini komai ba har yanzu. A masallaci dai sahu ya cike.

Lahadi, 7 ga Satumba

Bayan magariba Ya Kaka ta aiko da burabusko, ta sa miya da yawa don ya wuce wuya. Kwano ɗaya ne, babba. Na zaci mantuwa ta yi, na ce a koma a ce mu biyu ne, ni da Nata'ala. Aka dawo aka ce ta ce ta sani, ita ba ta da ƙarfin wanke-wanke.

A bakin soro muka ci, muna ganin tabarmar su Baba. Ba su ce mu matso ba, mu ma ba mu matsa ba. Can Baba ya ɗago ya ce, "Ku marasa lafiyan nan, miya ta ishe ku?" Nata'ala ya ce ta isa, nama ne Babarbare ya tattare gabansa. Ƙarya yake. Yanka ɗaya na ɗauka.

Na ci da yawa. Gajiyar na nan, amma yau a tsaye na yi isha.

Fanna ta kira, ta ce wata ya ƙare ba ta gan ni ba. Na gaya mata na yi rashin lafiya, na gaya mata kowane iri. Ta yi faɗa. Ta ce to yaushe? Na ce sai nan gaba kaɗan. Ba wani abu ba ne, Nata'ala ne ba ya jin magana. Ɗazu na kama shi yana cire ledar adaidaita, wai zai ɗan ɗumama inji. In ba wanda ya tsaya a kansa, tura ta zai yi.