Motarka Ta Fita Takaba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana cikin rahama. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, amma shekara talatin kai ne kake fara jin kowane labari daga bakina, kuma bakin bai daina ba.

Gida lafiya lau. Auta ta gama makaranta. An gyara indararon nan da kullum kake cewa sai gobe. Ni kuma na fita takaba ranar Laraba.

Labarin jar motarka zan ba ka, Selikar nan ta Japan mai ƙofa biyu da fitilu masu buɗewa kamar ido. Tun ranar da aka kai ka tana bakin lungu a lulluɓe da tamfol, inda ka saba barin ta tunda lungunmu ya yi mata ƙunci. Matan unguwarmu ta Zaitawa har tsokanata suke yi, wai ita ma takaba take.

Da aka zo maganar gado, ƙaninka Alhaji Sani ya ce a sayar. Wai motar samari ce, ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar 'yan biki, kuma kowa ya san ba na ƙaunarta. Da wane baki zan musa? Ni na raɗa mata suna Ƙadangaruwa saboda jan ciki. Ni na rantse ba ni ba ita, ranar da zanina ya maƙale ina rarrafen fitowa a ƙofar gidan suna, kai kuwa kana ta ƙunshe dariya.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Tun daga Ƙofar Na'isa nake gane rurinta. Da na ji sai in ɗora shayi, in gyara ɗaurin ɗankwali, sannan in haɗe rai kafin ka yi sallama. Kai a zatonka sa'a ce take sa kullum ka tarar da shayi da zafi?

Ranar Alhamis Alhaji Sani ya zo da dillali. Mota ta tashi, amma idonta na hagu ya ƙi buɗewa. Suka danna, suka ja, har dillalin ya nemi abin ɓanɓara. Na yafa mayafi na fita. Na daki gefen fitilar sau biyu da tafin hannu, a hankali, yadda kake yi kana ce mata ta tashi gari ya waye. Sai ga ido ya buɗe. Ina na koya? Ta tagar soro nake leƙenka kowace safiya, Malam.

A nan na ji bakina yana cewa a sa ta a rabona da na Auta. Alhaji Sani ya dube ni ya dubi motar, ya yi dariya, ya miƙo mini makulli.

Yanzu Auta ke tuƙa ta zuwa wurin aiki. Jiya ma na shiga, kuma na fito da mutuncina, domin na gano ashe ƙafa ake fara fitarwa. Me ya hana ka gaya mini?

Ina kewarka ƙwarai, amma hankalina a kwance yake. Da la'asar idan na jiyo ta daga Ƙofar Na'isa, har yanzu ina ɗora shayi. Haɗe ran ne kawai na daina.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai mun zo.

Taka,
mai leƙe ta tagar soro.